Minsharin da Ke Yanke Numfashi: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ina da ciwon suga. Sau huɗu nake tashi fitsari cikin dare, da rana kuma sai gyangyaɗi a aji. (Wani malamin makaranta, Yauri)

Amsa: Malam, da alama sugan ya hau. Je ka a auna maka da safe kafin ka karya, ka tafi da magungunanka likita ya gani. Kada ka ƙara wa kanka ƙwaya.

Tambaya: Maigidana direba ne, yana lodi daga Jega zuwa Sakkwato. Minsharinsa har maƙwabta na ji. Yana cikin yi sai ya yi tsit, ƙirji na motsi amma babu numfashi, can sai ya zabura kamar an shaƙe shi. Surukata ta ce dannau ne, an yi hayaƙi. Yanzu ana batun wanzami ya cire masa beli. (Wata uwargida, Jega)

Amsa: Uwargida, wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Wannan ba dannau ba ne. Mai dannau farke yake, motsi ne ya gagare shi. Shi kuwa maigidanki, idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaronsa ne ke saki ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi. Ga wanda abin ya tsananta, hakan kan faru sama da sau 30 cikin awa ɗaya, shi bai ma sani ba. Gari na wayewa sai ciwon kai, baki a bushe, jiki kamar an yi masa duka.

Ki duba ko yana da ƙiba da kaurin wuya, don su suka fi jawo wannan ciwon. Ciwon yana tafiya da hawan jinin da ba ya jin magani, yana kuma ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Amma sitiyarin nan ya fi damuna. Mutum da fasinjoji cike da mota, idonsa ya rufe na daƙiƙa uku kawai!

Batun wanzami kuwa, don Allah a bar shi. Na gaji da ganin waɗanda aka kawo jini na zuba daga baki, ga ciwon hanta da ake ɗauka daga askar da ba a tsabtace ba, kuma toshewar tana nan daram. Haka tiramol da gadagi da direbobi ke sha a tasha, ba sa biyan bashin barci. Ƙwayar sa barci kuma ƙara sakin maƙogwaron take yi, kada ya kusance ta.

Ki lallaɓa shi ya je Asibitin Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, ya nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, a auna hawan jininsa. Ki ɗauki minsharin a waya ku tafi da shi. Akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, tana aiki sosai, sai dai tsada da matsalar wuta. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe, ya rage teɓa, ya bar sigari, ya ajiye doguwar tafiya. A makon nan za ku je, ba sai bayan kasuwa ta lafa ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 5 yana minshari baki buɗe. (Wata uwa, Argungu)

Amsa: Galibi kumburin ƙululun maƙogwaro ne ko tsiron bayan hanci. Asibiti za ki kai shi a leƙa, shi ma ba wurin wanzami ba.