Tambayi likita: nutso, matsin ruwa da canjin hali

Tambaya: Likita me yasa duk na shiga ruwa sai fitsari ya matse ni?

Amsa: Ba ciwo bane malam. Matsin ruwa da sanyi ke tura jini zuwa ƙirji, jiki ya ɗauka ruwa ya masa yawa, sai homon ɗin (sinadarin jiki) da ke riƙe fitsari, wato ADH, ya ragu. Ka dinga shan ruwa dai.

Tambaya: In na yi nutso na kai zurfin wajen mita 30 sai in ji kamar na bugu, nishaɗi ba dalili.

Amsa: Wannan ba homon bane, iskar naitirojin ce da ke cikin iskar da kake shaƙa. A mita 30 matsin ya ninka na tudu sau 4, iskar sai ta dagula ƙwaƙwalwa. Ka ɗan hauro a hankali zai sake ka. Daɗin nan shi ke sa mutum ya manta duba iskar da ta rage a tukunyar da yake numfashi da ita.

Tambaya: Mijina ya fito daga nutso jiya, tun nan yake ta masifa, yana mantuwa, kafaɗarsa na ciwo. Abokan aikinsa sun ce gajiya ce, a gasa masa jiki da ruwan zafi ko ya koma ruwa abin ya sake shi.

Amsa: Baiwar Allah, ki kai shi asibiti yanzun nan, kar ki jira ki gama karantawa. Gaskiya ne sanyi da fargaba a ƙarƙashin ruwa na ɗaga homon ɗin adirenalin da kotisol, mutum ya fito a gajiye ransa a ɗan ɓace, amma wannan da hutu yake wucewa. Mantuwa da canjin hali haɗe da ciwon gaɓa wani abu ne daban. Naitirojin ɗin da jiki ya sha a ƙasa, in aka hauro da sauri sai ya zama kumfa cikin jini da gaɓoɓi, kamar an buɗe kwalbar lemo mai gas, kuma kumfar nan tana iya taɓa laka da ƙwaƙwalwa har mutum ya shanye.

Shi kuwa ruwan zafi da tausa, haba jama'a! Zafi na iya ƙara tayar da kumfar, wallahi na gaji da jin wannan shawara. Komawa ruwa kuma, mutumin da kansa ba daidai ba in ya sume a can wa zai ciro shi? Abin da yake buƙata iskar oksijin ce zalla da ɗakin matsin iska na asibiti. Ki faɗa musu zurfin da ya kai da lokacin da ya fito, kar ya hau jirgin sama, ko ya ce miki ya ji sauƙi ki kai shi dai.