Tafiya Ƙasar Waje da Waya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a ƙasar waje, shekara biyu zan yi. In na sayi sabon layi a can, WhatsApp ɗina zai ɓace?

Amsa: Ba zai ɓace ba, ɗan'uwa. WhatsApp lambar da ka yi rajista da ita yake riƙewa, bai damu da sim ɗin da ke cikin wayar ba. Saka sabon layinka, hirarrakinka suna nan daram.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsohon layin. Da yawa suna sauka daga jirgi sai su zare shi su jefa ƙasan jaka. Ranar da banki zai turo lambar tabbatarwa ta tes, ko Gmail ya ga an shiga daga wata ƙasa ya nemi shaida, ko wayar ta lalace za a ɗora WhatsApp a wata, duk shi za a nema. Kamfanonin sadarwa kuwa ba sa jiran kowa. Layin da ya daɗe a kwance kashe shi suke yi, su sayar wa wani da lambar. Wanda ya gaje ta yana iya buɗe WhatsApp da ita, kai kuma a yi waje da kai.

Don haka kafin ka tashi, sa kamfanin tsohon layinka su buɗe maka romin, wato damar layin ya yi aiki a ƙasar waje, ka kuma tambaye su wata nawa layi ke yi ba a taɓa shi ba kafin su rufe. Bar shi a ramin sim na biyu, amma ka kashe masa data. Datar romin ce ke lashe kuɗi, karɓar tes yawanci kyauta ne. Jefi-jefi ka sa masa kati. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, sannan ka ciro lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa don shiga Gmail in tes bai iso ba, ka rubuta su a takarda, ka ajiye wajen fasfo. A ganina wannan takardar ta fi duk wata manhajar tafiya amfani.

Tambaya: Cajata za ta yi aiki a Amurka? An ce wutarsu daban ce.

Amsa: Hajiya, juya kan cajar ki karanta ƙananan rubutun. In kin ga 100-240V, ko'ina za ta yi. Ƙarfin wutar Amurka da Kanada 120V ne, Japan 100, Turai 230. Soket ɗin ne zai ba ki aiki: na Amurka ƙafafu biyu sirara, na Faransa da Jamus biyu masu zagaye, na Ingila uku masu kauri. Adafta ke gyara wannan, sai dai siffa kawai take canzawa, ba ƙarfin wuta ba. Dutsen gugar da aka yi wa 120 kaɗai, in aka jona shi a 230, ƙonewa zai yi.

Pawa banki kuma a jakar hannu ake riƙe shi, ba a akwatin da za a auna ba. Yawancin kamfanonin jirage iyakarsu wat-awa 100, wajen mAh 27,000 ke nan.

Tambaya: Yaya zan san wayata tana karɓar eSIM?

Amsa: eSIM sim ne da ke haɗe cikin wayar, ana ɗora masa layi ta intanet ba tare da saka katin sim ba. Danna *#06#. In lambar EID ta fito tare da IMEI, tana karɓa, kana iya sayen data ta intanet tun kafin ka hau jirgi. Mai shirin sayo waya a can ya lura: iPhone ɗin kasuwar Amurka, daga 14 zuwa sama, ba su da ramin sim sam. Waɗanda ake bayarwa a biya kaɗan-kaɗan kuma galibi a kulle suke da layin kamfanin da ya sayar, ba za su karɓi wani ba sai an gama biya an buɗe su.