Wai dole sai na yi diskirit mas kafin na iya kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye kusa da Gumel, na samu admishan a jami'ar tarayya ta Dutse zan karanta kimiyyar kwamfuta. An ce min akwai wani kwas wai shi diskirit mas, ni kuwa kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, nake so na koya, ko laftof ban mallaka ba tukuna. Dole ne sai na yi shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka. Dole ne kam, kuma kar sunan ya firgita ka. Lissafi ne na abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai kamar awaki a garke, ba irin na awon ruwa ko tsawon gona ba, ita kuwa kwamfuta duk wayonta sifili da ɗaya kawai ta sani, shi ya sa wannan lissafin ya zama shi ne yarenta.

Wani ɓangaren ma ka daɗe kana yi ba ka sani ba. Yau Alhamis ana cin kasuwar Maigatari, to nan da kwana 100 wace rana ce? Ba sai ka ƙirga da yatsa ba, raba 100 gida 7 saura 2, ka ƙara kwana biyu kan Alhamis, Asabar ke nan. Wannan lissafin na saura, shi da lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya irin su 7 da 13, a kansu aka gina tsarin RSA na 1977 da ake ɓoye bayanai a intanet. Ko fin ɗin da kake dannawa wurin mai POS, lamba huɗu ne, hanyoyin jera su 10,000 ne cif, shi ma darasi ne a cikin kwas ɗin.

Sai batun gaskiya da ƙarya, wato "idan kaza to kaza". George Boole na Ingila ne ya mayar da shi lissafi a 1854, a 1937 Claude Shannon a Amurka ya nuna za a iya aiwatar da shi da makunnan lantarki, duk wani kodin da za ka rubuta yana cike da shi. Akwai kuma na garuruwa da hanyoyin da suka haɗa su, wanda wani masanin lissafi mai suna Euler ya faro a 1736 kan gadoji bakwai na wani gari, da irinsa taswirar waya take zaɓo maka hanya mafi kusa daga Gumel zuwa Haɗeja.

Inda ɗalibaina suka fi shan wuya shi ne kafa hujja, don sun saba da hadda tun sakandare, nan kuwa sai ka faɗi dalili. Wallahi abin yana damuna in na ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya haddace amsa a canza lamba ɗaya ya rikice.

Batun laftof kar ya hana ka barci, biro da littafi sun ishe ka a nan, ko a gindin darbejiya ne. Fara da wannan kafin a koma makaranta: in mutum 8 suka zauna a majalisa, dole a samu biyu da aka haifa rana ɗaya a mako, ko Ɗanladi biyu ko Ɗanjuma biyu ko dai wasu. Rubuta min dalilin da ya sa ba makawa, ka turo in duba.