Amsa ga mai tambaya kan HDFS: kar ka yi format tukun

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka a zauren nan tun jiya da dare, rezo ne bai bari na amsa ba sai yanzu. Ka ce kun haɗa ordinatar huɗu da Hadoop, manhajar da ke sa injina su ajiye manyan bayanai tare a ma'ajiyar da ake kira HDFS, don aikin karatunku, ka tura fayil da hdfs dfs -put amma in ka buga ls mai jero fayiloli ba ka ganinshi, cd ta shiga dosiye ma ta ƙi, sannan kuran ya ɗauke, da ya dawo duk abin da ka so turawa sai ya ce maka "Name node is in safe mode", har wani abokinka ya ce ka yi format ka huta. To don Allah kar ka yi. Ni na taɓa yi, shi ya sa na zauna na rubuta maka da tsawo.

Lokacin muna aiki a wani ɗan ofis a Zengo da inji uku, cikin zafin Afrilu ɗin nan da kuran ke tafiya yana dawowa, wata rana da la'asar aka ɗauke, da aka maido sai na ga wannan saƙon naka sak, hankalina ya tashi na buga hdfs namenode -format, ya tambaye ni na tabbata na ce i. Aikin sati uku ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanan suna nan kwance a kan disk ɗin sauran injinan, ina ganinsu da idona, fayiloli masu suna blk_ da lambobi, amma ba wanda ya san wanne na wane ne, kuma su DataNode ɗin, wato injinan da ke riƙe da bayanan, suka ƙi tashi saboda clusterID, lambar shaidar da ta haɗa injinan, ya canza. Daga baya na gane inji ɗaya ne kawai bai kunnu ba, da na tashi na danna maɓalli da shi ke nan.

Dalili kuwa, HDFS ba disk ɗinka ba ne. In ka tura fayil yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace mega 128 in ba ka canza ba, a da can Hadoop 1 mega 64 ne, kowace gunduwa a yi mata kwafi 3 a watsa su kan injina daban-daban. NameNode ba ya riƙe ko gunduwa ɗaya, shi dai littafin ke hannunsa, kamar mai sito a kasuwar Dole da ya rubuta buhun wane yana ɗaki kaza. Format ƙona littafin nan ne. Shi ya sa ma ls ɗinka ba ya ganin komai, shi ls disk ɗin injin da kake zaune a kai yake dubawa, sai ka ce hdfs dfs -ls sannan tambayar ta je wurin mai littafi. Kuma babu cd sam, ba a shiga dosiye a zauna ciki. Ko ka rubuta hanya cikakkiya daga / ko kuma ya ɗauka kana nufin /user/sunanka, in wannan dosiyen babu shi ka yi shi da hdfs dfs -mkdir -p /user/sunanka, wani lokaci sai mai izinin hdfs ya yi maka ya kuma ba ka shi da -chown.

Safe mode ɗin da ya firgita ka ba lalacewa ba ce. Duk sanda NameNode ya tashi yakan hana rubutu da gogewa har sai DataNode sun kawo rahoton gunduwoyin da ke hannunsu sun kai kashi 99.9 cikin 100, sannan ya buɗe da kanshi. Fara da hdfs dfsadmin -report ka ga injina nawa ke raye, in DataNode ɗin da ka gani ba su kai yawan da kuka kafa ba to je ka duba wanda ya kwanta. Sai hdfs fsck / ya faɗa maka ko akwai gunduwar da ta ɓace. Akwai hdfs dfsadmin -safemode leave, yana aiki, amma ni ba na buga shi sai na san abin da ya hana buɗewar. Ka duba dfs.replication, wato yawan kwafin kowace gunduwa, a fayil ɗin saiti hdfs-site.xml ma, darussan intanet da yawa 1 suke sawa don inji ɗaya suke koyarwa, mutane su kwafa haka nan, to da kwafi ɗaya inji guda ya kwanta kowa ya tsaya. In ka gyara, tsofaffin fayiloli ba sa bi, sai ka bi su da hdfs dfs -setrep -w 3.

Wani abu da nake roƙonka ka duba yau ɗin nan kafin a sake ɗauke kuran: in ba ku taɓa hadoop.tmp.dir ba, komai naku a cikin /tmp yake, littafin da gunduwoyin duka, kuma Ubuntu na share /tmp in inji ya sake tashi. A ƙasar da wuta ke tsaye mutum zai yi wata bai lura ba, mu nan Damagaram kwana biyu ya isa. Ku mai da dfs.namenode.name.dir da dfs.datanode.data.dir wani wuri na dindindin, ku tsayar da Hadoop ku kwashe abin da ke /tmp ɗin zuwa can kafin ku sake tada shi, in kuma ondilar, batirin nan mai riƙe inji in an ɗauke kuran, ɗaya gare ku to NameNode za ku ba.

Na yau da kullum ba su da wuya, -get ya sauko maka da fayil, -put -f in kana so ya danne tsoho, -getmerge ya haɗa maka tarin fayilolin sakamako masu suna part ɗin nan wuri ɗaya. Kar ka yi -cat a kan fayil mai giga da yawa, -tail ya ishe ka leƙe. Ba a gyara tsakiyar fayil, sai dai ka ƙara a ƙarshe da -appendToFile ko ka sauke ka gyara ka mayar. In ka buga -du -h lamba biyu za ka gani, ta farko girman fayil ta biyu abin da ya ci da kwafinsa, fayil mai mega 300 ya ci 900 ke nan, da wannan za ku yi lissafin disk ɗinku.

Gogewa ita ce ta biyu da nake tsoro bayan format. Mutane na ɗauka -rm na kai fayil kwandon shara, alhali fs.trash.interval a 0 yake zuwa, wato babu kwando, abin da ka goge ya tafi. Sa mishi 1440 a core-site.xml, minti ne, kwana ɗaya ke nan, sai ka samu abin da ka goge a /user/sunanka/.Trash ka maido shi da -mv. Kuma kafin kowane -rm -r ni sai na fara buga -ls da hanyar nan sak na karanta abin da ya fito.

Turo mana abin da -report da fsck suka nuna, da hdfs-site.xml ɗinku, bayan magariba in sha Allah ina kan layi mu duba tare.