Me Ya Sa Yahudawa Ke Addu'a A Gaban Bango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin hotunan Yahudawa tsaye a gaban wani tsohon bango a birnin Ƙudus suna addu'a, wasu har da kuka, suna cusa 'yan takardu a tsakanin duwatsu. Shin bangon suke bauta wa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ba bangon suke bauta wa ba. Abin da zukatansu ke bege shi ne Haikali, wato babban ɗakin ibadarsu, wanda a da yake kan tudun da bangon ya tokare.

A cikin Attaura, an umarci Annabi Musa (AS) ya kafa alfarwa ta ibada wadda Bani Isra'ila ke ɗauka duk inda suka yi zango a jeji, kuma a can ƙuryarta aka keɓe Wuri Mafi Tsarki, inda aka ajiye akwatin alkawari, wanda Alƙur'ani ya ambata da sunan Tabut a cikin Suratul Baƙara. Littattafansu sun ce daga baya, a madadin alfarwar, Annabi Sulaiman (AS) ne ya gina Haikali na farko a Ƙudus, wanda Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya rushe wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An kammala na biyu wajen shekara ta 516 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Hirudus ya faɗaɗa shi, sannan Rumawa suka ƙone shi a shekara ta 70 Miladiyya. Bangon da kike gani saura ne na katangar da Hirudus ya gina domin ta tallafi farfajiyar.

Sai mutum ya san matsayin wurin kafin ya gane zafin rashinsa. A shari'arsu, nan kaɗai ake miƙa hadaya, nan jama'a ke yin tattaki sau uku a shekara, kuma babban firist shi kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki, shi ma sau ɗaya a shekara, ranar kaffara da suke kira Yom Kippur. Da ginin ya faɗi, duk wannan ya tsaya cak. A ganina, abin lura a nan shi ne yadda malamansu suka hana addinin rugujewa tare da duwatsun: suka maye gurbin hadaya da addu'o'in safe da yamma, majami'unsu kuma suka fuskanci Ƙudus. Har yau suna azumin juyayi ranar 9 ga watansu na Ab, kuma a wurin ɗaurin aure ango kan take kofin gilashi ya fasa, don kada murna ta mantar da su rushewar.

Da yawa daga cikin malamansu sun hana mabiyansu hawa tudun, saboda gudun taka wuri mai tsarki ba tare da tsarkin da ake buƙata ba, shi ya sa suke tsayawa a gindin bangon. A kan wannan tudun ne Masallacin Al-Aƙsa yake, kuma Musulmi na kiran bangon da sunan Buraƙa.