Me Ya Sa Adadin Mamata Ke Canzawa Bayan Tashin Bam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk sanda bam ya tashi, wannan gidan rediyo ya ce mutum goma suka rasu, wancan ya ce arba'in. Na wa za mu ɗauka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Adadin da ake bayarwa a sa'o'in farko ƙiyasi ne kawai. Akan ƙirga gawa ɗaya sau biyu, a wurin da abin ya faru da kuma a asibiti. Wanda ya suma akan ɗauka ya cika, wasu masu rauni kuma sai bayan kwanaki rai yake yin halinsa. A harin bam na birnin Boston na Amurka a 2013, jaridar New York Post ta ce mutum 12 suka mutu, alhali uku ne. Ko wanda ya kai harin ma akan yi kuskurensa: a harin bam na Oklahoma, Amurka, a 1995, an yi ta nuna yatsa ga 'yan Gabas ta Tsakiya, ashe wani Ba'amurke ne, Timothy McVeigh.

Ki duba wa ya faɗa: asibiti ne, ko jami'in da aka ambaci sunansa? "Wata majiya" kaɗai ba ta isa ba. Kuma jaridu goma da suka kwafi rahoto ɗaya, majiya ɗaya ce. Hoto kuwa, ki saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa na tsohon hari ne.

Sunan mamaci kada ki tura sai danginsa sun sanar. Babu daɗi uwa ta fara ganin gawar ɗanta a WhatsApp.