Babban kanti mai araha zai buɗe kusa da bakalata, in karya farashi?

Wani bawan Allah ne ya turo min saƙo daga Jidda. Ya ce tun rusau ɗin 2022 da ya tashi unguwanni irin su Karantina da Gulel ya koma unguwar Harazat ya buɗe 'yar bakala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi na unguwa, Alhamdulillahi ana samun na cefane, to yanzu kuma ga wani katafaren kanti na masu karya farashi za a buɗe a sabon rukunin shagunan bakin titi, tafiyar minti biyar a mota daga wajensa. Tambayarsa, ya karɓi bashin riyal dubu 40 a hannun surukinsa ya cika shago da shinkafa da mai da sukari ya riga su sauke farashi, ko kuwa ya sayar da shagon tun da sauran daraja?

Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri. Don girman Allah kar ka karɓi kuɗin nan, kuma kar ka sayar da shago.

Ka ga su irin waɗannan kantuna ba a wajen dillali suke sari ba kamar ni da kai, kai tsaye suke ɗauka daga kamfani tirela tirela, kuma sau da yawa sai bayan sun sayar suke biya. Shinkafa da mai da kaza da za ka gani a takardar tallarsu ranar buɗewa, wani ma a kan asara suke sakinsa da gangan, don sun san duk wanda ya shigo ya tura keken nan ba zai fita da buhu ɗaya ba, sai ya haɗa da sabulu da biskit da kayan yara, a nan suke fanshewa. Kai kuma in ka sauke a ina za ka fanshe? A ce ribarka riyal 4 ce a buhu mai kilo 10, ka rage 5 don ka kamo su, to kowane buhu da ya fita kai ne ka biya wa mai saye riyal ɗaya daga kuɗin surukinka, su kuma gobe su ƙara ragewa ko a jikinsu. Na ga wanda ya yi haka a Makka da idona, katan katan na mai har rufi, wata huɗu bai sayar da rabi ba, ƙarshe zumunci ya fi kuɗin lalacewa, har yau ba sa gaisawa da wanda ya ba shi.

Gaskiya ɗaya ce, za ka ji jiki a farko. Tun da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a watan Yulin 2020 mutane har halala, wato kwabon riyal, suke lissafawa, za su tafi can, har maƙwabcinka da kuke sahu ɗaya a masallaci za ka gan shi da ledarsu, kar ka riƙe shi a rai. Sayayyar wata ta tafi, wannan ka haƙura da ita. Amma sayayyar yau da gobe taka ce. Uwar gida ta ɗora tukunya ta ga babu magi, ba za ta jira mai gida ya tada mota ya nemi wurin fakin ya bi layin kashiya ba, yaro za ta aiko ko ta yi maka WhatsApp. Burodin safe, laban (nono), ƙwai, ruwa, katin waya, nan ne abincinka. In kana da yaron shago ka sa shi kai kaya har ƙofa cikin minti goma, ko na riyal 8 ne a kai.

Sai abin da na fi so ka riƙe da hannu biyu, kayanmu na gida. Wane babban kanti ne zai ajiye maka daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa da manja da garin rogo? Manajansu ko sunan bai sani ba. Mutanenmu da rusau ya warwatsa suna nan gefen gari ko'ina, wata tun daga unguwar Hamdaniyya za ta sa a kawo ta in ta ji kukarka kore shar ce ba ta kwana biyu ba, kuma in ta zo ba kuka kaɗai za ta ɗauka ba. Ribar ƙullin daddawa ta fi ta buhun shinkafa in ka auna da jarin da ka sa. Sai dai ka ƙulla da tsafta, leda mai kyau, da suna da kwanan wata, don baladiyya, wato hukumar gari, ba ta wasa da abinci mara shaida, kuma ka leƙa ofishinsu ka ji abin da lasisinka ya halatta, tun da a 2025 an fito da sabon tsari da ya hana ƙananan bakala sayar da taba da nama da dabino da kayan gwari.

Daftarin bashi kuma shi ne makaminka shi ne kuma ajalinka in ka yi sake. Su can babu bashi, shi ya sa za a kai musu tsabar kuɗi a kawo maka "rubuta". Ka yanka wa kowane gida iyaka, ka ɗaure biya da ranar da kuɗi ke shigowa, ma'aikatan gwamnati 27 ga wata, masu Hisabul Muwaɗin, wato tallafin gwamnati ga 'yan ƙasa, 10 ga wata. Wanda ya tsallake sau biyu a rufe shafinsa cikin mutunci, ba faɗa.

Ban tambaye ka sunan wa ke kan rajistar shagon ba, amma in ba naka ba ne to wannan ma wani dalili ne na kar ka zuba kuɗin suruki a ciki, dokar tasattur, wadda ta hana baƙo yin kasuwanci a ɓoye da sunan wani, hukuncinta na kai wa shekara 5 a gidan yari da tarar riyal miliyan 5, gyara takarda ya fi cika shago.

Ranar da suka buɗe ka je da kanka da biro da takarda, ka rubuta farashin kaya talatin da suka fi tafiya a wajenka. Wanda suka fi ka araha nesa ba kusa ba ka rage ajiye shi, buhu biyu uku ya isa don mai buƙatar gaggawa. Ka rubuta cinikin kowace rana har wata uku, sannan ka turo min lissafin mu duba tare kafin ka yanke komai a kan shagon.